Kibiya a Baki

Shagon Maman Biyu ɗaki ɗaya ne, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. A ciki akwai babban madubi da ya tsage ta kusurwa, da draya guda mai aiki in an kawo wuta, da bencin masu jiran layi. Akwai kujerar da take zama, sai 'yar tsugunno a gabanta inda mai zuwa kitso ke zama ta ba ta baya. A kan kanta, tsakanin kwalaben man kitso da mataji, an jera littattafan jami'a, duk gefensu ya yi maiƙo.

Ta haura arba'in. Kitso ta koya a hannun goggonta tun tana sakandare, kuma da shi ta taya maigidanta, mai gyaran firji, rainon tagwayen da suka ba ta sunan da kowa ke kiranta da shi. Hannunta na da sauri, bakinta ya fi hannun sauri. Duk wadda ta zauna a gabanta za ta tashi da kitso da kuma shawara, ko ta nema ko ba ta nema ba.

Abin da ya kai ta jami'a wani abu ne da ta daɗe tana lura da shi. Mata da ba su san juna ba sukan zo mata da labari iri ɗaya, kamar sun haɗa baki, kuma kowacce tana ganin ita kaɗai abin ya sama. Wata rana ta faɗi haka tana yi wa wata ɗalibar jami'a tsifa.

"Anti, ai wannan abin da kike faɗa kwas ne guda a makarantarmu," in ji ɗalibar. "Soshiyoloji ake ce masa, ilimin zamantakewa."

"Wato gulmar ma sai da aka yi mata digiri?"

An yi dariya an tashi, amma maganar ta zauna mata. Sai a zama na biyu ta ci jarrabawar shiga. Ranar farko da ta shiga ajin da jakarta da tabarau, yaran suka yi tsit suka buɗe littattafai, sun ɗauka malamar ce ta iso. Tun daga ranar ta zama Mama ga ajin duka.

Karatun bai zo mata da sauƙi ba. Da safe lacca, da rana ta buɗe shago, tana kitso littafi na buɗe a kan cinyarta. Kwas ɗin ƙididdiga ya kayar da ita sau ɗaya, ta maimaita ta haye. A aji uku mahaifiyarta ta kwanta jinya, ta ajiye karatu ta yi ta jinya har Allah ya karɓi abinsa. Wannan da maimaicin suka cinye duk rarar shekarun da dokar jami'ar ta yarda wa ɗalibi. Da ta shiga aji huɗu ta san babu sauran wata shekara a gabanta. Ko ta gama bana, ko a sallame ta hannu wofi.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi yakan yi bincike ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban malamai. Ba a sa sunan ɗalibi cikin masu karewa sai malamin da ke duba aikinsa ya sa hannu. Maman Biyu ta faɗa hannun wata Dokta, siririya mai magana ƙasa-ƙasa, wadda ba ta kai ta shekaru ba. Ɗalibai na kiranta Sake-Duba, don kalmomin da ta fi rubutawa a gefen takarda ke nan.

Batun da ta zaɓa daga shagonta ya fito: matan da ke fita aiki, wa ke riƙe musu yara? Amsar ma tana ganin ta riga ta san ta. Zumunci ya mutu, makwabci ya daina duba ɗan makwabci, shi ke nan. Ta bi gidajen mata masu aiki, yawancinsu masu zuwa kitso wurinta, ta nemi izininsu, ta naɗi hirarsu a waya. Ba ta sha wahala ba, ko'ina da fara'a aka karɓe ta. Ta rubuta babinta na huɗu, inda ake zuba abin da aka samo, ta kai wa Dokta tana jin ta gama da wuri.

Bayan mako ɗaya Dokta ta kira ta ofis. Ofishin ƙarami ne, kundayen ɗaliban baya sun cika shi har saman kabad, fanka na juyawa tana ƙara.

"Zauna, Maman Biyu. Na karanta babin. Rubutun ya yi kyau. Duk matan nan bakinsu ya zo ɗaya, ko?"

"Ɗaya, Dokta. Kamar na sani."

"Abin da ya dame ni ke nan. Ba ni wayar mu ji hira ɗaya. Zaɓi wadda kika fi so."

Ta zaɓi hirar wata malamar firamare, ta kunna. Muryar Maman Biyu ce ta cika ofishin.

"Yanzu fa, Malama, in za ki fita, ai babu makwabciyar da za ki ce ta riƙe miki yaro, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"Kowa ta kansa yake yi. Da can fa? Uwata sai ta bar mu a gidan makwabta tun safe. Yanzu ki gwada ki gani. Shi ya sa nake ce miki ki samu tsohuwa daga danginku ki ajiye. Ko kin fi son 'yar aiki?"

"To, dai..."

"Kar ki soma. 'Yan aikin yanzu? Bari in ba ki labarin wata."

Dokta ta bar hirar tana ta tafiya. Labarin matar ya ƙare, wani ya biyo baya. Can malamar firamaren ta ce, "Gaskiya ne, Anti." Dokta ta miƙa hannu ta tsayar.

"Wa aka yi hira da ita a nan?"

Maman Biyu ta sunkuyar da kai.

"To, faɗa min, wa ke riƙe wa malamar nan yara?"

Maman Biyu ta yi shekara da shekaru tana yi wa matar kitso, ta je har ɗakinta da waya, amma ba ta sani ba.

"Kin tafi da amsarki a jaka, kin zazzage musu, sun ce miki haka ne don suna ganin girmanki," in ji Dokta. "Wannan ra'ayinki ne, kuma wataƙila ma daidai ne. Amma ba bincike ba ne. Ba zan sa hannu ba."

"Dokta, ki dubi Allah. Shekarata ta ƙarshe ce."

"Na sani. Ƙarshen watan nan sashe zai rufe sunayen masu karewa. Ki sake hirarrakin. Ki yi tambaya, ki ja bakinki. In na ji muryarsu, zan sa hannu ko a kan mota ne."

A gida, Baban Biyu na tsugune a tsakar gida gaban wata tsohuwar firji da ya kwance wa baya. Ya saurare ta har ta kai aya, abin da ya saba.

"Wato dai, Farfesa, abin da na yi shekara ashirin ina tsoron faɗa, yarinyar nan ta faɗa a zama ɗaya."

"Baban Biyu, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Ki gaishe min da ita."

Da ya ga idonta ya kawo ruwa, sai ya ajiye sukudireba.

"To, me ya rage? Ki koma ki sake. Ke da kika maimaita lissafin nan mai sa ki kuka, shiru ne zai gagare ki?"

Washegari ta koma gidan malamar firamaren. Ta zauna a bakin kujera, ta ajiye waya a tsakaninsu, ta yi tambayarta, ta haɗa leɓɓa. Malamar ta dube ta, ita ma ta dubi malamar.

"Anti, lafiya kuwa? Ko haƙori ne?"

"Lafiya lau. Ke nake saurare."

"To, ai kamar yadda kika faɗa rannan ne."

Shirun ya yi tsawo, ya yi nauyi. Maman Biyu ta ji kamar ana mata susa a maƙogwaro. Kafin ta ankara ta ce, "Wato abin da nake nufi," kuma daga nan ba ta tsaya ba sai da aka kira sallah. Gida na biyu ma haka. A na uku ta daure ta yi shiru har ƙarshe, matar gidan kuwa ta tsorata da wannan sabon hali, ta riƙa ba ta amsa guntu-guntu tana kallon ƙofa. Mako guda ya tafi a haka, ba ta da ko hira ɗaya da za ta iya nuna wa Dokta.

Ran Asabar shago ya cika. Tana yi wa Mai Atamfa kitso, wata ƙawarta tun ta ƙuruciya mai rumfa a kasuwa, wadda ba ta raga mata. Maman Biyu ta kwashe labarin duka ta ba ta, har da kwaikwayon muryar Dokta. Sai ta zo tsaga. Ta ja layi da kibiya, siririn ƙarfen nan da ake raba gashi da shi, ta maƙale ta a tsakanin haƙoranta kamar yadda ta saba, don hannayenta biyu su samu kama gashin.

"Alhamdu lillahi, an sa wa rediyo marfi," in ji Mai Atamfa. "Jama'a, mai magana ya yi sauri kafin a gama wannan layin."

'Yan benci suka kwashe da dariya.

"Wallahi da gaske nake. Ni duk abin da na taɓa faɗa miki mai muhimmanci, sai da na jira kibiyar nan ta shiga bakinki. Rabuwata da uban yaran nan ma, a tsakanin tsaga biyu na ba ki labari."

Maman Biyu ba ta yi dariya ba. Hannunta ya tsaya a kan gashin. Ta tuna ranar, ta tuna wasu ranakun. Duk labaran da suka kai ta jami'a, a haka ta ji su: mace ta ba ta baya, ba mai kallon idon wani, hannunta na cikin gashi, bakinta a toshe, iyakarta "uhm".

Ran Litinin tana ƙofar ofishin Dokta tun kafin a buɗe.

"Ina so in yi hirar a shago, ina yi musu kitso."

Dokta ta ajiye jakarta. "Ba laifi ba ne a yi hira a inda mutum ya fi sakewa. Amma akwai haɗari. A kujerar nan sun saba faɗa miki sirri a matsayin mai kitsonsu. Ba za ki kwashi wannan ki zuba a kundi ba."

"Ba zan yi ba."

"Ki gaya wa kowacce tun kafin ta zauna cewa yau bincike ne. Wayar ta kasance a inda take ganinta. In ta ce a kashe, a kashe. Babu kowa a benci. Ba suna, ba sana'ar gaskiya, ba abin da makwabciya za ta karanta ta gane ta. Kuma abin da waccan ta faɗa, wannan ba za ta ji shi a bakinki ba."

"Na yarda."

"Shirun fa? Me zai hana ki magana a can, tunda can ne ma gidan maganar?"

Maman Biyu ta zaro kibiya daga jaka ta nuna mata. Dokta ta dube ta, ta dubi kibiyar, sai gefen bakinta ya motsa.

Kwana biyu a mako ta riƙa rufe shago ga kowa sai mace ɗaya a lokaci guda. Masu zuwa ba alƙawari suka yi ta ƙwanƙwasa suna komawa, wasu suka koma shagon gaba. Ta bar su. Tambayoyinta ta rage su zuwa kaɗan, gajeru. Ta farkon ita ce: "Jiya da kika fita aiki, ina yaran suka wuni?" Tana faɗa sai ta ja tsaga, ta sa kibiya a baki.

Amsoshin ba su zo ɗaya ba. Malamar firamare ashe mai shagon kayan masarufi na ƙofar gidansu ke duba mata ɗanta, yana wasa a bayan kanta, kuma kunya ce ta hana ta faɗa. Wata matar, babbar 'yarta ke fashin makaranta ta zauna da ƙanne ranakun da aiki ya yi yawa. Wata kuma ita da makwabciyarta karɓa-karɓa suke yi, duk da ba sa ga maciji a kan komai ban da wannan. Zumuncin da Maman Biyu ta yi wa jana'iza a rubutunta na farko, ga shi nan da ransa, ya sauya kama ne kawai, wani wuri kuma ya yage.

Inda ya yage, a bakin mace ta bakwai ta ji shi. A kundin sunanta Ta Bakwai, kuma har yau ko Baban Biyu bai san wace ce ba. Ita da kanta ta yarda a ba da wannan ɓangaren. Ta daɗe tana zuwa shagon, mace mai tsabta, mai yawan raha. Da aka yi mata tambayar sai ta ce, "Suna gida."

Maman Biyu ta ce, "Uhm."

Layi ɗaya ya ƙare. Ta ciro kibiya, ta ja sabuwar tsaga, ta mayar da ita baki da sauri kafin harshenta ya samu hanya. A cikin rikodin ana jin ƙarar injin mai gyaran waya ta bango, da wucewar babur.

"Kulle su nake yi," in ji Ta Bakwai. "In ajiye musu abinci da ruwa da fo, in ɗauke ashana da wuƙa in sa a saman kabad. In bar taga ɗaya a buɗe kaɗan. In ja ƙofa in sa kwaɗo ta waje. Babbar ba ta isa shiga makaranta ba tukuna. Ta iya ba ƙanenta ruwa."

Maman Biyu ta ce daga baya a lokacin maganganu sun fi goma da suka taso mata a wuya: faɗa, da salati, da shawara, da labarin wata da gobara ta taɓa yi wa haka. Ta datse kibiyar har ta ji ƙarfen a dasashinta. Ta ci gaba da kitso.

"A wurin aiki, in na ji jiniyar motar kashe gobara, sai in ɗauka gidana ne ya kama. Rannan na bar aiki na taho a guje, na tarar suna barci. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. In na faɗa, ce za a yi wace irin uwa ce wannan. In na bar aikin kuma, me za su ci? Ke ma, Anti, sau nawa na zo da niyyar in gaya miki. Sai in tarar kin riga kin san abin da ya kamata kowa ya yi."

Ta yi ta magana har aka gama kitson. Da ta ce a kashe wayar, aka kashe. Ta juyo ta dubi Maman Biyu, ta ga hawaye na bin gefen kibiyar, sai dariya ta kama ta tana share nata idon.

"To cire abin nan, Anti, ki yi magana kafin ki fashe."

Maman Biyu ta cire. Abin da ta ce shi ne, "Me kike so a yi?" Ta ce wannan ce tambaya ta farko ta gaskiya da ta taɓa yi a shagon.

Kafin ta gama hirarrakin ta samu wasu mata biyu masu yin irin abin da Ta Bakwai ke yi, kuma gidajensu ba su da nisa da juna. Kowacce na ganin ita kaɗai ce. Maman Biyu ta san su duka, kuma alƙawarin da ta ɗauka ya hana ta haɗa su. Ta ce wannan shirun ya fi na kibiya wuya.

Ta yaga babi na huɗu ta sake shi daga tushe, na biyar ma ya bi shi, tunda abin da ta kammala da shi a da ya rushe. Tagwayen suka karɓi girki da wanke-wanke. Ana saura kwana biyu a rufe sunaye ta kai wa Dokta.

Dokta ba ta fara da takardun ba. "Ba ni wayar," ta ce. Ta zaɓi hira da kanta, ta kunna, ta jingina da kujera. Murya ɗaya ce ke tafiya, doguwa, tana tsayawa tana ci gaba. Jefi-jefi wata muryar ta ce "uhm". Ta saurari wata, ta ƙara wata. Sannan ta ja kundin, ta yi ta buɗawa tana ja da jan biro. A gefen wani shafi ta rubuta kalmominta biyu da aka san ta da su.

"Wannan teburin ki sake duba shi kafin gobe. Ƙididdigar nan har yanzu ba ku shirya ba." Ta juyo shafin farko, ta sa hannu.

A ranar karewa, malamin da aka gayyato daga wata jami'ar ya tsaya a kan hanyar da ta bi. Ya ce mai kitso da masu zuwa wurinta sun san juna da yawa, ta yaya za a tabbatar ba ta sa musu magana a baki ba? Maman Biyu ta ce haka ta yi a karon farko, shi ya sa aka watsar da aikin, kuma ta rubuta hakan a babi na uku ba ta ɓoye ba. Ta bayyana sharuɗɗan da ta bi a karo na biyu, ta faɗi abin da binciken bai isa ya nuna ba, tunda mata kaɗan ne kuma na yanki ɗaya. Da ta kai ƙarshen amsar sai ta tsaya. Dokta, da ke gefe, ta ɗago kai ta dube ta, kamar mai jiran ci gaba. Babu ci gaba.

Ta ci. Sakamakonta ba na saman aji ba ne, matsakaici ne mai kyau, kuma sunanta ya fito tare da na yaran da ke ce mata Mama.

Bayan an ɗaure kundin, ta koma wurin matan nan uku ɗaya bayan ɗaya. Ta tambayi kowacce ko za ta so ta san wata mai irin halin da take ciki, ba tare da ta faɗi ko wace ce ba. Biyu suka yarda, yanzu suna karɓa-karɓa. Ta ukun ta ce a'a, a bar ta tukuna. Maman Biyu ba ta matsa mata ba, tana dai zuwa kitso.

Shagon na nan inda yake. Ta ce tana son ta nemi aiki a wata ƙungiya mai kula da mata da yara, in bai samu ba ta koma digiri na biyu, kuma ta riga ta gaya wa Dokta ita take so ta duba ta. Surutu kam ba ta daina ba, Mai Atamfa ta ce digirin ma ƙara mata kalmomi ya yi. Sai dai in mace ta zauna a 'yar tsugunno ta ce, "Anti, akwai wata magana," Maman Biyu takan miƙa hannu kan kanta ta ɗauko kibiya, ko da ba a zo tsaga ba.